Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Tafkin Chadi: kafin a taɓa mana sama, a tambaye mu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sakataren Zartarwa, da sauran manya na Hukumar Tafkin Chadi da ke Injamena, ina gaisuwa, ya aiki ya haƙuri da jama'a.

Ni malamin makaranta ne, jogarafi nake koyarwa a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Kusuri ta Kamaru, tsakanina da ofis ɗinku kogi ne kawai da gadar Ngeli, in na hau kilando, wato babur ɗin haya, da sassafe kafin rana ta buɗe na iso ƙofarku. Amma na ga gara in rubuta a fili kowa ya karanta, don maganar ta shafi masunta da makiyaya da manoman masakwa da mata masu shanya kifi a bakin kogin Lagon, kuma yawancinsu ko labarin abin ba su taɓa ji ba.

Abin da ya tayar min da hankali wani ɗalibina ne, yaro mai natsuwa, ya tsaya bayan an tashi ya miƙo min wayarsa ya ce Malam duba wannan, wai Turawa suna binciken yadda za su fesa ƙura a sama su rage zafin rana. Na ce masa eh na san da maganar, ana ce mata injiniyancin yanayi. Sai ya ce to Malam in sun fesa, daminarmu fa? Wallahi na yi shiru. Ina da amsar da zan ba shi ta littafi, amma wa zai tsaya mana in abin ya ɓaci, wannan kam ba ni da abin da zan ce masa, shi ya sa na zo gare ku.

Ga waɗanda ba su san zancen ba bari in ɗan warware. A watan Yunin 1991 wani dutse mai aman wuta da ake kira Pinatubo a ƙasar Filifin ya fashe, ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 can ƙololuwar sama, sama da inda gajimare ke tsayawa, hayaƙin ya zama kamar siririn mayafi ya zagaye duniya yana mayar da wani kaso na hasken rana, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri har shekara ɗaya zuwa biyu. To sai wasu masana suka ce ai mu ma za mu iya yin haka da gangan, jirage su riƙa hawa kilomita 20 suna fesa irin wannan hayaƙi. A 2006 Paul Crutzen, masanin da ya ci kyautar Nobel, ya rubuta cewa ya kamata a yi nazarin abin da gaske, tun daga nan maganar ta fita daga hirar shayi ta shiga jami'o'i da kasafin kuɗi. A 2025 wata hukumar bincike ta gwamnatin Birtaniya mai suna ARIA ta ware kusan fam miliyan 57 don wannan fanni, har da ƙananan gwaje-gwaje a waje. Kuɗi na shiga, kamfanoni na shiga, abin ya wuce mafarki.

Ranka ya daɗe, ni na san zafi, ba sai wani ya zo ya ba ni labari ba. A watan Afirilu a nan ma'auni na kai 45, yara na suma a aji, tsofaffi na mutuwa cikin ɗaki a ce hawan jini ne alhali zafi ne ya gama da su, kwanon rufi ka taɓa shi ka ƙone. Duk wanda ya ce yana neman hanyar rage wannan azaba ba zan ce masa mugu ba, kuma na yarda da yawa daga cikin masu binciken nan tsoron abin da ke tafe ne ya sa su, don hayaƙin kabon mai ɗumama duniya da ake ta alkawarin ragewa bai ragu ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu a nan abin da ya fi zafi kashe mu shi ne damina ta saɓa.

Ina ɗan shekara tara a 1984. Na tuna babanmu, Allah ya jiƙansa, yana dashen masakwa, ya caka sanda mai tsini a ƙasa ya yi rami, ni ina binsa da ƙwarya ina zuba ruwa ɗan kaɗan, yayata tana saka tsiro biyu biyu. Masakwa ba ta shan ruwan sama, laimar da ambaliya ta bari a cikin laka take sha har ta nuna. A waccan shekarar kogi bai fito ba, ƙasar ta tsage har ƙafar yaro na iya shiga, baba ya caka sandar ta ƙi shiga, ya tsaya ya daɗe yana kallon fili bai ce komai ba, sannan ya ce mu koma gida. Shanunmu huɗu biyu suka mutu biyu aka sayar a kuɗin da bai kai na akuya ba. Mun ci jar dawar agaji, mun ci abin da ba na son in faɗa. Tafkin da kuke kula da shi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, a waɗancan shekarun ne ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba.

Shekara da shekaru ana gaya mana laifinmu ne, wai mun sare itatuwa, wai dabbobinmu sun cinye ciyawa hamada ta shigo. Ni kaina na koyar da haka a aji. Sai daga baya bincike ya nuna cewa hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka yi ta fitarwa a wancan zamani yana cikin abin da ya jawo farin, ya sanyaya ruwan tekun Atlantika ta arewa, layin da damina ke bi ya ja baya zuwa kudu ya bar mu. Damina bin zafi take yi, in ɓarin arewa na duniya ya fi sanyi sai ta ƙi hawowa inda muke. A 2013 wani masani ɗan Ingila, Jim Haywood, da abokan aikinsa sun duba tarihi suka ga cewa cikin damina huɗu mafi muni a Sahel tun daga 1900, uku sun biyo bayan fashewar manyan duwatsu masu aman wuta a ɓarin arewa. Dutsen Katmai na Alaska ya fashe a 1912, a 1913 aka shiga yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. El Chichon na Meziko ya fashe a 1982, abin da ya biyo baya kuwa na gaya muku da idona na gani. Kuma lissafin kwamfutarsu ya nuna in aka fesa hayaƙin a arewa kaɗai, Sahel za ta bushe, in aka fesa a kudu kaɗai mu mu samu ruwa amma arewa maso gabashin Barazil ta bushe. Ni ba na son ruwan da aka ƙwato daga bakin wani talakan manomi a Barazil, yadda ba na son a ƙwace nawa.

Ruwa na Allah ne, wannan ba mai ja, in ya ƙi zuwa fita muke yi roƙon ruwa manya da yara. Amma Allah ya sanya sababi a komai, kuma wancan karon mutane sun taɓa sababin ba da sani ba muka sha wuya. Yanzu ana maganar a taɓa shi da sani. Wanda ya taka ka cikin duhu da wanda ya kunna fitila ya duba ya taka, hukuncinsu ba ɗaya ba ne a kowane addini da kowace al'ada.

Masu binciken za su ce ai mun san da wannan, shi ya sa za a fesa daidai wa daida arewa da kudu, kuma wasu lissafe-lissafen sun nuna in an yi haka zafi zai ragu ba tare da damina ta lalace sosai ba. To madalla, amma wa zai riƙe ma'aunin? In ƙasar da ke da jiragen ta ga nata amfanin gona na ƙonewa, za ta tsaya tambayar mutumin Makari ko na Bol, garuruwan yankin tafki, kafin ta ƙara fesawa? Sannan akwai abin da su kansu suke tsoro, ƙurar nan shekara ɗaya ko biyu take yi ta sauko, shi kuwa hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya ɗaruruwan shekaru yake yi a sama, kenan in an fara sai a yi ta yi ba tsayawa, ranar da yaƙi ko rashin kuɗi ya tsayar da jiragen duk zafin da aka danne zai taso a 'yan shekaru kaɗan, ba shuka ba dabba da za ta iya sabawa da sauri haka. Wannan bashi ne za a ci da sunan jikokin da ba a haifa ba. Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, ina tsoron ranar da masu sauran kason za su ce tunda an samu mayafi ba sai mun rage ba.

Kuma mu wanda maciji ya sara ne, in mun ga tsumma dole mu ja da baya. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggan cikin Saharar Aljeriya, aka ce ai hamada ce ba kowa, sai bayan fiye da shekara 50 takardun da aka ɓoye suka fito suka nuna ƙurar ta iso har garin da ofis ɗinku yake, lokacin ana ce masa Fort-Lamy. A 1996 ana annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Ku duba abin da ya biyo baya, a 2003 mutane suka ƙi allurar shan inna, cutar ta sake bazuwa har ta shigo mana Kamaru da Chadi, yaran da ba su san komai ba suka gurgunce. In aka ci amanar mutane sau ɗaya da sunan bincike, har maganin gaskiya sai sun guje shi.

Ba sai mun je nesa ba ma. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwar bakin Lagon don noman shinkafa, niyya mai kyau, injiniyoyi masu ilimi, amma ba a zauna da mutanen da ke ƙasa da ita ba, ambaliyar da ke shayar da fadamun Waza ta ragu, kifi ya ɓace, ciyawar rani ta mutu, makiyaya suka watse, sai 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka fara mayar da ambaliyar. Shekara 15 kenan. Wancan madatsa ce ta ƙasa da kana iya zuwa ka gan ta ka buɗe mata ƙofa. Kuma kun fi ni sanin abin da ƙarancin ruwa ke haifarwa a yankin nan, a 2021 rigima kan ruwa tsakanin masunta da makiyaya a wajen Lagon-Birni ta iso har cikin Kusuri, aka ƙone kasuwa, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa wajenku da abin da ke jikinsu kawai. Maƙwabta ne da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. Duk wanda zai taɓa damina ko da kaɗan ne, wannan wutar yake wasa kusa da ita.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwar rubutu shi ne na ga wasu sun yi magana an ji su. Jami'ar Harvard ta shirya tura balan-balan sama daga garin Kiruna na Suwidin a 2021, tashin farko ma ba za a fesa komai ba kayan aiki kawai za a gwada, amma Majalisar Sami, mutanen da ke kiwon barewar ƙanƙara a can, suka rubuta suka ce ba a tambaye mu ba kuma ba mu yarda ba, aka fasa, a Maris 2024 aka rufe shirin baki ɗaya. Makiyaya ne fa kamar namu. A Meziko wani ƙaramin kamfanin Amurka, Make Sunsets, ya saki balan-balan da hayaƙin farar wuta a 2022 ba tare da ya nemi izinin kowa ba, a Janairun 2023 gwamnatin ƙasar ta ce za ta haramta irin wannan. Su kansu masanan tun 2009 suka rubuta ƙa'idojin da ake kira na Oxford, cewa a ɗauki abin a matsayin na jama'a, a shigar da mutane cikin shawara, a bayyana sakamako duka mai daɗi da marar daɗi, wasu daban su tantance illa, kuma a kafa doka kafin a aiwatar. A 2010 a Nagoya ƙasashen duniya sun amince a dakata da irin waɗannan ayyuka in ban da ƙananan bincike. Ministocin muhalli na Afirka a taronsu na Adis Ababa a 2023 sun nemi a yi yarjejeniyar hana amfani da fasahar, kuma a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a farkon 2024 ƙasashen Afirka suka tsaya kan haka, aka kasa daidaitawa har Suwizalan ta janye ƙudirin da ta kawo. Duk wannan ya faru, amma a bakin tafki shiru kake ji, ba wanda ya zo ya gaya wa bulama ko lawan ko shugaban masunta cewa ana wata magana a kan ruwan samansu.

A ƙa'idar Oxford an ce a tambayi jama'a, to ni tambayata wace jama'a, da wane harshe? Taro a otal da Turanci ko Faransanci, a gayyaci mutum uku daga Afirka a ɗauki hoto, wannan bai zama an tambaye mu ba. A garinmu ko rami mutum zai haƙa ya ja ruwa zuwa wurin kamun kifinsa sai ya je gaban bulama an kira na sama da na ƙasa da shi. In shanu suka shiga gona ana zuwa a ga ɓarna a ƙiyasta a biya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, maƙwabtanmu Kirista Masa da Tupuri su ma abin da suka sani kenan. Ɗa'ar da nake nema a binciken nan ba ta wuce wadda jahilin ƙauye ya riga ya sani ba, ka nemi izini, ka faɗi gaskiyar abin da kake yi da wanda ke ba ka kuɗi, in ka yi ɓarna ka biya.

Maganar biyan ɓarna ita ce ta fi damuna, don a nan ne za a cuce mu cikin sauƙi. A ce an yi gwaji babba, shekara mai zuwa damina ta ƙi, ko ta yi yawa irin ta 2024 da ruwa ya karya gada a Yagwa, a Chadi mutane kusan miliyan biyu abin ya shafa, mu nan muka kwana muna cika buhu da ƙasa muna tare ruwa, kwale-kwale na yawo a cikin unguwa, ajin da nake koyarwa iyali shida suka zauna a ciki da tabarmi da tukwane. To wa zai tabbatar gwajin ne ya jawo ko ba shi ba ne? Sai da ma'auni, sai da lissafin shekaru masu yawa, mu kuwa Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin tashoshin auna yanayi. Wanda ba shi da ma'auni ba shi da shaida, za a ce masa ai dama ƙasarku haka take.

Shi ya sa ban ce a hana bincike gaba ɗaya ba, a nan na ɗan bambanta da wasu 'yan'uwa. In mun toshe kunne wasu za su yi lissafin su kawo mana amsa, mu ba mu da yadda za mu gane ko gaskiya ce. Binciken kwamfuta a yi shi, amma a yi shi da yaranmu na jami'ar Marwa da ta Injamena da ta Maiduguri da ta Diffa, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai, su ne za su tsara tambayar, don Bature zai tambayi matsakaicin ruwan shekara, namu kuwa zai tambayi yaushe ruwan farko zai sauka, kwana nawa zai ɗauke a tsakiyar damina gero na goyo, kogunan Shari da Lagon za su fito su shayar da ƙasar masakwa ko a'a. Akwai wata ƙungiya, Degrees, da ke ba masanan ƙasashe masu tasowa kuɗin irin wannan nazari, abu ne mai kyau, amma in duk kuɗin daga waje yake zuwa to bakin mai karɓa yana nauyi, ya kamata ƙasashenmu su sa nasu ko kaɗan ne. Fesa wani abu a sama kuwa, babba ko ƙarami, ni a ganina kada a yi sai an samu doka ta duniya da muke da murya a ciki, da asusun diyya da aka ajiye tun kafin a fara, kuma nauyin kawo hujja ya hau kan mai fesawa.

Ranka ya daɗe, an kafa hukumarku ranar 22 ga Mayun 1964, Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka zauna suka yarda cewa ruwan tafki na kowa ne, ƙasa ɗaya ba za ta yi aikin da zai rage shi ba sai ta shawarci sauran. Kusan duk ruwan da ke shiga tafkin Shari da Lagon ne ke kawo shi, su kuma damina ce ke cika su, kenan wanda ya taɓa damina ya taɓa tafki, maganar tana cikin hurumin ku. Kun yi shekaru kuna nazarin jawo ruwa daga kogin Kwango, kun ga yadda mutanen can suka ce ba za a taɓa musu kogi ba a tambaye su ba, kuma suna da gaskiya. Ƙurar Bodele da ke tashi daga arewacin Chadi tana tsallake teku ta sauka a dajin Amazon, sama ba ta san iyakar ƙasa ba, abin da aka saki a can zai zo nan.

Ina roƙonku ku sa wannan batu a ajandar taron ministocinku na gaba ku fitar da matsaya a rubuce, ku aika wa Tarayyar Afirka da duk masu ba da kuɗin binciken nan cewa mutanen tafkin Chadi suna da magana. Ku nemo kuɗin ma'aunin ruwan sama a sa a makarantu, ni na ɗauki alkawarin ɗalibaina za su riƙa karantawa kullum ƙarfe bakwai na safe su rubuta a littafi. Kuma kafin damina mai zuwa ku sa a yi bayanin abin nan a rediyo da Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Kanuri da Kotoko da Musgum, a buɗe waya mutane su kira su faɗi nasu, a rubuta abin da suka ce a tafi da shi inda ake yanke shawara. Ɗalibina yana jiran amsa, na ce masa na rubuta muku.

Allah ya taimake ku, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani malamin jogarafi, Kusuri